Sarfil ɗin Mama Oda

Shekaranjiya da na fito sallar asuba na ji iskar ta canza. Duk wanda ya daɗe a Doha ya san wannan safiyar. Ka buɗe ƙofa kana jiran zafi ya mare ka yadda ya saba tun watan biyar, sai ka ji wata iska mai ɗan sanyi tana shigo maka ta hannun riga. Da na dawo daga masallaci ban koma ɗaki ba. Na zagaya bayan kicin, na jawo fararen akwatunan kifi guda huɗu da nake shuka a cikinsu, na juya ƙasar, na ɗauko kwalbar iri daga firji. Lokacin sarfil ya yi.

Sarfil ganye ne. Ba mu da shi a gida, don haka ba ni da sunan Hausa da zan ba shi. Yadda na ji tsohuwar gidan nan tana faɗa, haka na riƙe. In ka gan shi sai ka rantse ganyen karas ne da bai ƙoshi ba. Ba a miya da shi, ba ya cika tukunya, ko akuya ka ba wa ba za ta gode maka ba. Amma in ka murza shi a yatsa wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi yake tashi, irin na yansun ɗin da Larabawa ke dafa shayi da shi. A kan wannan ɗan ganyen zamana a ƙasar nan ya taɓa rataya, shekara goma sha bakwai da suka wuce.

A matsayin direba aka kawo ni. Ni mutumin Kura ne, a noman rani na tashi, albasa da tumatir. Amma na yi shekara uku ina jan a-kori-kura daga gona zuwa kasuwa, sai na ɗauka na zama direba. A watan takwas na sauka. Gidan kafil ɗina, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zuwana, Abu Rashid, yana Thumama, wadda a lokacin gidaje ne jefi-jefi a cikin fili, babu filin ƙwallo, babu waɗannan titunan. Zafin kuwa ba irin namu ba ne. Namu yana ƙona ka ya bar ka a bushe, na nan jiƙa ka yake yi kana tsaye. Ruwan famfo ba ya taɓuwa da rana, sai mun tara a bokiti tun safe ya huce kafin a samu na wanka.

Ban yi wata guda ba azumi ya kama. Na sha yin azumi ina ban ruwa a gonar tumatir, na ɗauka babu abin da ƙishirwa za ta koya min. Ashe akwai. Kafin azahar harshena ya zama kamar busasshen ɓawon rake, bayan la'asar kuwa sai in cire riga in kwanta a kan tayil in yi shiru. Da magariba abinci ba ya yankewa, maƙwabta na aiko da haris, wato alkama da nama da aka tuƙa har suka zama ɗaya. Ina ci ina ƙoshi, amma raina yana kan kunun tsamiya da ƙosai.

Wanda ya riƙe ni a kwanakin nan shi ne Baba Fuseini, mai dafa abincin gidan, mutumin Zangon Kumasi, wanda muke ɗaki ɗaya da shi a bakin get. Ya girme ni da kusan shekara ashirin. Hausarsa ba ta san mace ba, kowa "ya" ne a bakinsa. Ranar farko da ya ce min, "Mama Oda ya ce ka zo ka gaishe shi," na shiga tsakar gida ina waige-waigen dattijo mai gemu. Ashe mahaifiyar Abu Rashid yake nufi. Mama Oda kuma a bakin mutanen ƙasar babbar uwa ke nan.

Matsalata lasin ce. Na gida ba ya aiki a nan, sai ka sake gwaji. Doha ta wancan lokacin shataletale ce ko'ina, manya-manya, mota layi uku tana zagayawa, ni kuma a Kura hannu nake fitarwa ta taga a ba ni hanya. Sau biyu na faɗi cikin azumi. Bayan ƙaramar Sallah na faɗi na uku. Abu Rashid ba mugun mutum ba ne, amma ba ya son magana biyu. Ya same ni ina wanke motar da ba ni da ikon tuƙawa, ya ce, "Ishak, khalas, magana ta ƙare. Ba lasin, ba aiki." Sunana Isiyaku, amma har yau Ishak nake a gidan nan. Ya ce zai yi min kansil, wato ya soke takarduna ya mayar da ni gida.

Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. An raka ni har tasha da addu'o'i, na bar matata da ciki, gari duk ya san Isiyaku ya tafi ƙasar Larabawa. Yanzu in koma bayan wata uku, ban da abin da zan nuna sai baƙin da rana ta ƙara min.

Washegari da hantsi Baba Fuseini ya leƙo ɗaki. "Ɗan Kano, yalla, tashi. Na gaya Mama Oda kai manomi ne. Yana son ya gan ka."

Tana zaune a tsakar gida a kan darduma, fuskarta da batula, ɗan abin rufe fuskar nan mai ƙyalli da tsofaffin matan ƙasar ke sawa. Ta zaro wata 'yar takardar iri daga jakarta, da hoton ganye a jiki da rubutun da ban iya karantawa ba. Ta yi magana mai tsawo, Baba Fuseini yana juya min. Shekarun baya ta raka mijinta Faransa neman magani, suka yi watanni. Ciwo ya hana shi cin komai sai ƙwai da wannan ganyen da ake barbaɗa masa a masaukinsu, ita ma shi ta riƙa ci don ta taya shi. Daga wannan tafiyar bai daɗe ba ya rasu. Bana 'yarta ta je hutu can ta kawo mata irin, kuma takarda ɗaya ce tak.

"Ya ce in ka fito da shi ya ci, zai yi magana da yaron shi," in ji Baba Fuseini. "Ya ce kana da lokaci har sanyi ya wuce."

Na karɓi takardar da hannu biyu, na ce, "Baba, gaya mata ni ɗan Kura ne. Na shuka abin da ya fi wannan taurin kai." Ban san ko ya faɗa mata duka ba, amma na ga idanunta sun yi dariya.

Irin baƙi ne, dogo, siriri, kamar tsinken tsintsiya da aka kakkarya. Abu ɗaya na yi na hankali a ranar: na raba shi kashi uku, don ba a taɓa koya min zuba iri duka a rana ɗaya ba. Sauran abin da na yi kuwa na ɗan Kura ne zalla. Na zaɓi inda rana ta fi duka a tsakar gidan, saboda a wajenmu shukar da ke ƙarƙashin inuwa ragowa ce. Na kawo takin tumaki daga garken Abu Rashid na gauraya da ƙasar buhu, don ƙasar nan tsakuwa ce da gishiri. Na sara rami, na jefa iri, na rufe, na danna da diddige yadda ake yi wa gero da kuɓewa. Safe da yamma ina ban ruwa. Kwana goma, kwana goma sha biyar, kwana ashirin. Ko ciyawa ba ta yi min kara ta fito ba.

Na ce to, ba ɗan gero ba ne, ɗan albasa ne. Farkon watan sha ɗaya na gyara ɗan fili a gindin katanga, na yafa kashi na biyu sama-sama, na rufa masa buhu yadda muke renon irin albasa. Bayan kwana goma sha biyu sai ga shi, tsiri-tsiri, kore shar. Na kira Baba Fuseini ya gani, har ya tafa min. Da ya yi sati uku, na yi abin da kowane manomin rani zai yi ba tare da ya tambayi kowa ba: dashe. Na ciccire su ɗaya bayan ɗaya na jera su a layi a tsakiyar rana, da tazara mai kyau, aikin da ko a gida za a yaba. Na lura saiwar ɗaya ce doguwa, fara, mai tsinkewa da an ja, amma ban kawo komai a raina ba. Kwana biyu suka kwanta. Na yi ta jira su miƙe kamar yadda albasa ke miƙewa bayan ta gama fushi. Ba su miƙe ba.

Ranar Juma'a nakan tafi unguwar Fereej Abdel Aziz, ɗakin wasu 'yan gida masu gadi, inda ake tuƙa tuwon semo a ci da miyar kukar da wani ya ƙullo daga Kano. A wannan Juma'ar labari ya riga ni zuwa. Ina shiga aka ce, "Ga direban ganye!" Wani ya tambaye ni ko shi ma ganyen sai da lasin. Na yi dariya tare da su, amma tuwon bai wuce min da daɗi ba. Daga nan na bi ta Mushairib, wadda a lokacin tsofaffin shaguna ne a cunkushe, na sayi katin waya, na kira gida na ce komai lafiya. Yanzu in na sauka daga jirgin ƙasa a Mushairib ko inda shagon yake ba na iya nunawa.

A makon ne sabon direba ya iso. Abu Rashid ya ce ɗakin bakin get ba zai ɗauki mutum uku har abada ba, ƙarshen watan ɗaya zai yanka min tikiti, ko sanyi ya wuce ko bai wuce ba. Saura kashi ɗaya na iri a ƙulle a aljihuna, kuma na rasa yadda zan yi da shi. Na binne, ya ƙi. Na dasa, ya mutu. Abin da na iya ke nan, kuma ya ƙare.

Akwai wani famfo a bayan kicin inda muke alwala. Katanga ta tare shi, rana ba ta leƙa wajen sai ɗan lokaci da safe, ƙasar kuma kullum a jiƙe take. Wata rana da azahar na tsuguna ina wanke ƙafa, sai na ga wata ciyawa a gefen siminti, tushe uku. Hannun manomi ba ya ganin ciyawa ya ƙyale. Na tsinke ɗaya zan jefar, sai ƙamshin ya bugi hancina. Na tsaya da ƙafa ɗaya a wanke. Sai na tuna, a nan na wanke hannu ranar da na yafa kashi na biyu, 'yan ƙwayoyin da suka manne min suka zube. Ba wanda ya rufe su, ba wanda ya taɓa su, rana ba ta same su ba, ga su sun fi duk waɗanda na yi wa wahala kyau.

Na ƙwala wa Baba Fuseini kira. Ya zo da ludayi a hannu, ya duba, ya shinshina, ya ce, "Ka gani? Abin ba ya son ka ne. Ka bar shi, ya yi."

Gaskiya ya faɗa, ko da ta yi min ɗaci. Da yamma na je kasuwar kifi na roƙo akwatuna huɗu masu zurfi, saboda doguwar saiwar nan. Na huda gindinsu, na cika su da ƙasa mai laushi, na jera su a inuwar katangar kusa da famfo. Na jiƙa ƙasar tukuna, sannan na barbaɗa kashi na ƙarshe a sama, na ɗan danna da tafin hannu kawai. Wallahi diddigena har ƙaiƙayi yake yi. Barin iri a fili ido na ganinsa ya yi min kama da barin abinci a buɗe, amma na daure.

Daga nan kwanakin suka daidaita, kuma su ne na fi tunawa da daɗi. Bayan asuba in huda murfin gorar ruwa in yayyafa a hankali don kada irin ya gudu. In tura yatsa in ji laimar ƙasar. Ba ya son ta bushe, ba ya son ta yi caɓi. Magunan unguwa suka ɗauka na gina musu makewayi, sai na rufa tsohon gidan sauro a kai, ya tare min su da tsuntsaye gaba ɗaya. Kwana goma sha ɗaya ya fito. Da ya yi yawa na rage shi, kuma a wannan karon almakashi na sa na yanke na banzan daga sama, ban yarda na girgiza saiwar kowa ba.

Sanyi ya shigo sosai. Iskar arewa ta taso daga teku tana shiga ƙashi, ni da na zo da riguna marasa nauyi sai da Baba Fuseini ya ara min rigar sanyinsa mai warin albasa. Ni ina rawar ɗari, sarfil yana murna. Sai wata safiya hadari ya haɗu, abin da ban gani ba tun da na zo. Aka fara yayyafi, ƙamshin ƙasa ya tashi, irin na ruwan farko a gida sak. Yaran unguwa suka fito titi suna ihu, manya suka shiga mota wai za su kallon ruwa. Ni kuwa na yaye gidan sauron, na tsaya a kan akwatunana ruwa yana dukanmu tare. Ban taɓa kewar gida kamar ranar ba, ban kuma taɓa jin daɗin Doha kamar ranar ba.

Saura kwana shida wata ya ƙare ganyen ya kai tsawon tafin hannu. Na yanko na gefe-gefe, na bar na tsakiya ya ci gaba, na cika ɗan kwano na kai kicin. Baba Fuseini ya karɓa da bismilla. Shi ma ɗan gida ne a wannan fannin: a Kumasi da Kura duk ɗaya ne, ganye sai ya dahu ya yi laushi ake cewa an yi girki. Ya soya albasa, ya zuba sarfil ɗin, ya rufe tukunya ya ba shi lokaci, sannan ya fasa ƙwai a kai. Aka kai wa Mama Oda a tsakar gida, ni ina tsaye daga nesa.

Ta ɗaga batularta kaɗan ta kai loma ɗaya. Ta tauna. Ta kai ta biyu. Sai ta ajiye cokalin ta girgiza kai, ta faɗi kalma biyu.

"Ya ce ba shi ba ne," in ji Baba Fuseini, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Wata huɗu ina bin abu, ashe ma ba shi ba ne. Na matso na leƙa farantin, na ga ganyen ya yi baƙi ya lanƙwashe, na shinshina ban ji komai ba sai albasa. Ban nemi izini ba, na ruga bayan kicin na tsinko reshe guda ɗanye, da laimarsa, na dawo na durƙusa na miƙa mata. Na ce, "Mama, wannan fa?"

Ta karɓa ta murza a yatsa ta kai hanci. Ta daɗe a haka, reshen a hannunta, tana kallon katanga, har na ga gefen batular ya jiƙe. Ni da Baba Fuseini muka sunkuyar da kai. Can ta share ido, ta juya kan Baba Fuseini da faɗa, faɗan da ko ba fassara na gane shi. A sake soya ƙwai, a sauke daga wuta, sannan a yayyanka ganyen ɗanye a barbaɗa. Aka yi hakan. Ta cinye tas, ta sa burodi ta share farantin.

Ban san me ta gaya wa ɗanta ba. Bayan kwana biyu Abu Rashid ya zagayo bayan kicin, inda ban taɓa ganinsa ba. Ya tsaya a kan akwatunan kifin nan huɗu yana kallonsu, yana kallona. Ya ce, "Wannan ne?" Na ce shi ne, maigida. Ya girgiza kai, ya ce in kawo hotona guda biyu, za a canza min aiki a kati. Da katin ya fito, Baba Fuseini ya karanta min abin da aka rubuta a gurbin sana'a: manomi.

Ranar Juma'a na kira mahaifina. Malam Garba mutum ne da ya yi shekara hamsin yana noma, bai kuma taɓa ɗaukar tuƙin mota a matsayin sana'a ba. Na gaya masa gaskiya duka, tun daga shataletale har katin. Sai ya ce, "Wato teku ka tsallaka don ka je ka yi noma."

Na ce, "Haka Allah ya yi, Baba."

"Gonar kadada nawa ce?"

"Akwati huɗu ne."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ina jin yana maimaita wa mutanen da ke zaune a ƙofar gida. Na bar shi ya gama, don ni ma dariyar nake yi, hawaye na zubo min a bakin titi. Da ya nutsu sai muryarsa ta canza, ta koma irin wadda yake magana da ita da sa'o'insa a bakin gona.

Ya ce, "To ka ji. In zafi ya fara, ka bar akwati ɗaya ya yi fure. Kada ka yarda su cinye maka iri."